Akushin Baƙo: Yadda Girkin Waje Ya Zama Ɗan Gida a Dutse

A Babbar Sallar bara, Yayanmu da ya shekara bakwai yana aiki a Malesiya ya aiko cewa zai zo gida da matarsa da 'ya'yansa biyu. Tun saura mako guda gidanmu da ke Takur a Dutse ya kama shiri. Ƙannenmu mata suka buɗe zaure na musamman a WhatsApp, suna tura wa juna bidiyon girki daga YouTube da TikTok. Aka tsayar da magana a kan soyayyar shinkafa irin ta mutanen Sin, da kabsa irin ta Saudiyya, da sambusa, da shawarma, da haɗin kabeji da karas mai bama. Wasu kayan ƙamshin ba a same su a gari ba, sai da aka ba direban mota saƙo ya taho da su daga Kano. Cefanen yini biyu ya kusa cinye abin da gidan ke ci a rabin wata.

Baƙi suka iso, aka jera kuloli, Yaya ya ci ya yaba, ya sa albarka. Bayan sallar isha'i sai muka jiyo shi a ƙofar ɗakin kakarmu yana tambaya ƙasa-ƙasa: "Hajiya, ko akwai sauran tuwon dawarki?" Akwai kuwa, har da miyar kuka da man shanu. Ya zauna a tabarma ya share kwanon tas, ya kora da ruwan randa. Ƙannenmu da suka yini a tsaye a gaban wuta ransu ya sosu, mu ma muka taya su jin ciwon abin.

Washegari gardama ta kaure a tsakar gida. Ɗaya daga cikinmu ya ce son kwaikwayo ne ya ja mana, da an yi abincinmu na gado irin su gurasa da alkubus da taliyar murji da manja da yaji, da ba a yi wahalar banza ba. Hajiya ta yi dariya har da tafa hannu. "Maigidan, wa ya gaya maka waɗannan na gado ne? Da muna 'yan mata, kayan alkama sai ranar biki, ko in babban baƙo ya sauka."

Wannan magana ce ta sa muka shiga bin diddigin abin da muke ci. Mun gano cewa yawancin abincin waje hanya ɗaya ya bi ya shigo gidajenmu. Da farko baƙo ake yi wa shi, daga nan ya zama na Sallah da biki, a ƙarshe ya zama na yau da gobe har a manta daga ina ya zo. Abin da ƙannenmu suka yi tsohuwar al'ada ce mai ɗaruruwan shekaru, sai dai a zamaninmu ta zo da wata tsada da ya kamata mu lissafa.

Abin da ake ci da abin da ake ba baƙo

Ƙasar Dutse da Kiyawa da Jahun mafi yawanta jigawa ce, ƙasa mai rairayi da ta fi karɓar gero da dawa da wake, daga nan ma jihar ta samo sunanta. Gero da dawa su ne 'yan asali na haƙiƙa, don a yankin Sahel da Sudan aka fara noma su dubban shekaru da suka wuce. A kansu abincin gidan manomi ya ginu: ɗumame ko koko da safe, fura da rana, tuwo da dare. Miya kuwa ba ta wuce kuka da kuɓewa da karkashi da yakuwa da zogale ba, ana ɗaga ta da daddawar kalwa da ɗan man shanu in akwai.

Baƙo ba a yi masa wannan lissafin. Bahaushe ya ce baƙonka annabinka, addini ma ya haɗa imani da karrama baƙo. Ana fara tarbarsa da ruwa, a dama masa fura da nono mai kyau, a kama kaza a yanka, in da hali a tuƙa tuwon shinkafa. Ƙa'idar ita ce a ba shi abin da 'yan gida ba sa samu kullum. To abin da ba a samu kullum sau da yawa shi ne wanda ya zo daga nesa, mai tsada, wanda ba kowace mace ta iya sarrafa shi ba. Shi ya sa duk sabon abincin da ya shigo ƙasar nan, a akushin baƙo ake fara ganinsa.

Hanyar Sahara da kayan alkama

Tarihin Kano da aka rubuta da Larabci ya nuna cewa tun ƙarni na 15 fatake daga Borno da Azbin da ƙasashen Larabawa suke sauka a birnin, kuma a zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, aka kafa Kasuwar Kurmi. Daga baya 'yan kasuwar Gadamas da Tarabulus suka zauna a Kano da iyalansu. Unguwar Dandalin Turawa tasu ce, domin kafin zuwan mutanen Ingila kalmar Turawa Larabawan arewacin Afirka ake nufi da ita. Sunan unguwar Alfindiki ma daga kalmar Larabci ta masaukin fatake ya fito.

Waɗannan mutane sun zo da cimarsu, kuma harshenmu ya adana shaidar. Alkama daga Larabci take, haka albasa da sukari da lemo da kanumfari da kirfa. Alkubus sunan burodi ne da Larabci, alkaki ma haka sunansa yake a can, gurasa kuwa har yau ana cin 'yar'uwarta mai irin wannan suna a Sudan. Tanderun da matan Jakara ke gasa gurasa a ciki danginsa na nan daga Masar har Indiya, da suna mai kama da namu. Dubulan da muke jerawa a garar amarya yana da takwara a Libiya da Tunisiya, inda ake naɗe shi a tsoma a ruwan sukari kamar yadda muke yi. A lokacin da Bargery ya wallafa babban ƙamusunsa na Hausa a 1934, kalmomi irin su alkama da alkaki da gurasa da taliya sun riga sun zauna daram a cikin harshen.

Dutse ba ta gefe a wannan harka. Tana kan ɗaya daga cikin hanyoyin da suka haɗa Kano da Katagum da Borno, kuma gari ce mai ƙarfi tun kafin jihadi, har Sarkin Dutse Ada ya gwabza da Sarkin Kano Kumbari, wanda ya yi mulki daga 1731 zuwa 1743. A watan Janairun 1824 matafiyin nan Hugh Clapperton ya ratsa yankin a hanyarsa daga Katagum zuwa Kano, ya ambaci duwatsun da garin ya samo suna daga gare su, ya kuma ambaci kyawawan bishiyoyin dabino da ya gani a Katanga. Dabinon da muke tinƙaho da shi a yau, wanda ake lodinsa a kasuwar Shuwarin, har aka kafa masa reshen cibiyar bincike ta tarayya a Dutse, shi ma asalinsa daga ƙasashen hamada ne.

Alkama ba ta yi da damina a ƙasarmu, sai da sanyin hunturu a fadama ana ban ruwa da jigo, don haka kaɗan ake samu. Wannan ya sa ta daɗe tana abincin fada da gidajen attajirai da malamai. A ƙauye kuwa, kamar yadda Hajiya ta faɗa, sai an yi baƙo na ji da gani, ko za a kai gara.

Baƙin da muka manta baƙi ne

Akwai wani ayarin da ya shigo shiru, ba tare da fataken da za mu iya nunawa ba. Bayan 1492, lokacin da jiragen ruwan Turai suka fara kai da kawowa zuwa nahiyar Amurka, tsirrai da yawa na can sun bazu a duniya. Masara da rogo da gyaɗa da dankali da barkono da tumatir da gwanda duk daga can suke. Wasu sun biyo gaɓar teku ta hannun mutanen Fotugal, wasu sun zagayo ta arewa. Sunan masara kansa yana nuna Masar, wato hanyar da kakanninmu suka ga ta ɓullo.

A yi tunanin girkin Bahaushe babu waɗannan. Babu ƙuli-ƙuli, babu man gyaɗa, babu kunun gyaɗa na buɗa-baki, babu yajin tsire kamar yadda muka san shi, babu attaruhu da tattasai, babu jar miya. Kafin zuwan barkono, masoro da citta da kimba ne ke ba miya zafi. Yau idan aka ce wa tsoho gyaɗa baƙuwa ce sai ya ɗauka raini ne, alhali dalar gyaɗar Kano da ta shahara a duniya da irin Kudancin Amurka aka gina ta.

Shinkafa tata hanyar daban ce. Akwai shinkafar Afirka mai jan ɓawo da aka fara nomawa a fadamun Kogin Kwara cikin ƙasar Mali ta yau kimanin shekaru 3000 da suka wuce, kuma an daɗe ana noma ta a fadamun Haɗeja. Amma a jigawar Dutse ba ta wadata ba, shi ya sa tuwon shinkafa ya zama tuwon Sallah da na baƙi.

Jirgin ƙasa, kanti da gwangwani

Layin dogo ya iso Kano a 1911, reshensa na Nguru da ya bi ta Ringim da Gagarawa da Malam Madori ya kammala a 1930. An yi amfani da shi wajen kwasar gyaɗa da fatu, amma taragon da ya tafi da gyaɗa bai dawo wayam ba. Ya dawo da fulawa da sukari da ganyen shayi da madarar gwangwani da kifin gwangwani. Kwara, wato 'yan Labanan da Siriya, suka buɗe kantuna a Fagge, har kasuwar Kantin Kwari ta ɗauki sunansu. Ma'aikatan jirgi da 'yan kasuwa daga kudu suka cika Sabon Gari da nasu girke-girken, ciki har da shinkafa da miyar tumatir, da dafa-dukan da ake kira jalof. Shi kansa jalof sunan tsohuwar daular Jolof ta Senegal yake ɗauke da shi, kuma a 2021 hukumar UNESCO ta sanya girkin shinkafa da kifi na Senegal cikin jerin al'adun duniya da ake adanawa.

A wannan zamani ne shayi da burodi ya zama abin karrama baƙo. Dattawanmu suna tuna lokacin da burodi tsaraba ce ta wanda ya je Kano, ana yanka shi ƙanana a raba wa yara da maƙwabta. Kabeji da karas da latas da dankalin Turawa, waɗanda sunayensu ma ke tona asirinsu, a lambunan Turawan mulki da na ma'aikatan haƙar kuza a Jos suka fara yawa kafin manoman rani su karɓe su.

Sai kuma ɗan ƙaramin abin da ya fi kowa tasiri, wato dunƙulen ɗanɗano. Kamfanin Julius Maggi na ƙasar Suwizalan ya fara yin sa a 1908, kuma bayan samun 'yancin kai ya mamaye kasuwanninmu. Da farko a miyar baƙi da ta biki ake jefa shi. Yanzu akwai gidajen da in babu shi ba a ɗora tukunya, daddawa kuwa ta koma abin da wasu amare ke toshe wa hanci.

Shekarun man fetur da siyasar buhu

Shekarun 1970 sun haɗa abubuwa biyu: farin da ya addabi Sahel daga 1972 zuwa 1974, da kuɗin man fetur da ya ɓarke, har da ƙarin albashin Udoji. Hatsin gida ya yi ƙaranci a daidai lokacin da ma'aikata suka sami kuɗin sayen na waje. Farar shinkafa daga Amurka da Tailan ta cika kasuwa, ba tsakuwa, ba sai an rege ba. Harkar ta yi girman da a zamanin Shugaba Shehu Shagari aka kafa kwamitin shinkafa na musamman ƙarƙashin Umaru Dikko. Kamfanonin fulawa, tun daga na Apapa da ya fara aiki a 1962, suka kawo semo da taliyar leda da makaroni. A cikin gidaje kuma injin murza taliya na hannu ya zama sana'ar mata, ana shanya ta a igiya a sayar wa 'yan makaranta da manja da yaji. Wannan taliya ce ɗan'uwanmu ya kira ta gado.

Da kuɗin mai ya ja baya, gwamnati ta hana shigo da shinkafa a 1985, ta hana alkama a 1987. Aka koma ƙarfafa noman alkama a filayen ban ruwa da madatsar Tiga ta 1974 ta samar a Kadawa da kwarin Haɗeja. Noman bai cike gurbin ba, burodi ya yi tsada, fulawa ta dinga shigowa ta ɓarauniyar hanya, har aka janye haramcin alkama a 1992, na shinkafa a 1995. Baki ya riga ya saba, doka ba ta iya mayar da shi baya ba.

Aikin Hajji ma ya taka tasa rawar. Da jirgin sama ya maye gurbin tafiyar ƙasa mai ɗaukar shekaru, yawan alhazai ya ƙaru har ya haura dubu 100 a 1977. Hajiyoyi suka dawo da tangaran da faranti da kuloli, da kayan ƙamshi, da ɗanɗanon doguwar shinkafa mai ƙamshi da suka ci a Makka da Madina. Kabsar da ƙannenmu suka koya a waya, akwai gwaggonninmu da suka fara gwada ta da ka tun shekaru arba'in da suka wuce, suna kiranta shinkafar Larabawa.

Ranar da Dutse ta zama babban birni

A ranar 27 ga Agustan 1991 gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta ƙirƙiro Jihar Jigawa daga tsohuwar Jihar Kano, aka ce Dutse ce hedikwata. Garin da bai wuce Garu da Limawa da 'yan unguwannin da ke kewaye da duwatsu ba ya wayi gari da dubban ma'aikata da aka turo daga Kano. Gidaje ba su isa ba, da yawa suka riƙa kwana a Kano suna zuwa aiki, wasu suka bar iyali a can sai ƙarshen mako. Sannu a hankali aka gina rukunin gidaje, iyalai suka tare, matan da suka girma a birnin Kano da Haɗeja da Gumel da Kazaure da Ringim suka zama maƙwabtan juna.

Mu 'ya'yan wannan ƙaura ne, kuma a gabanmu girkin garin ya sauya. Maƙwabciya ta aiko da kwano, uwar gida ta ɗanɗana ta aika a tambayo yadda aka yi. Matan da suka yi makarantar kwana sun zo da kek da cincin da suka koya a darasin tattalin gida. Masu yi wa ƙasa hidima daga kudu, waɗanda ake horarwa a sansanin Fanisau, sun zo da nasu. Littattafan soyayya na Hausa da ake karɓa haya su ma makaranta ce, don sau da yawa marubuciya takan tsaya ta lissafa abin da amarya ta jera wa dangin miji a kan tebur, masu karatu kuma su riƙe.

Ziyara ma ta canja fuska. A da baƙo ne daga birni ke zuwa ƙauye. Yanzu dangi daga ƙauye ke zuwa Dutse ganin ɗansu ma'aikaci, kuma abin da aka ajiye musu shi ne shaidar cewa ya samu. Shinkafa da miya da salak da lemon kwalba suka zama ma'aunin mutunci. Da aka buɗe Jami'ar Tarayya ta Dutse a 2011, da filin jirgin sama a 2014, sai malamai da ɗalibai da baƙi daga ko'ina suka ƙaru, wuraren sayar da shawarma da soyayyar kaza suka biyo su.

Indomie kuwa ta yi tafiyar da alkama ta yi cikin ƙarnoni a cikin shekaru kaɗan. Momofuku Ando ne ya ƙirƙiro taliyar nan mai saurin dahuwa a Japan a 1958, samfurin Indomie na ƙasar Indunusiya ne, ya shigo Najeriya a ƙarshen shekarun 1980, aka fara yin sa a Ota ta Jihar Ogun a tsakiyar shekarun 1990. Muna yara ana dafa wa baƙon da ya zo ba zato Indomie da ƙwai a matsayin karramawa. Yau tana teburin kowane mai shayi.

Girki ya koma cikin waya

Wayar salula ta fara yaɗuwa a Najeriya a 2001, tashar Arewa24 ta fara aiki a 2014 da shirye-shirye irin su Akushi da Rufi, sannan intanet ta sauka a tafin hannun kowa. A da girki yana tafiya ne da ƙafar mutum: sai Balarabe ya zauna a Kano, sai hajiya ta je Makka, sai maƙwabciya ta tare. Yanzu yarinya a Gida Dubu tana kallon mai girki a Istanbul ko Lahore, ta gwada kafin magariba. Matakan da abinci ke bi daga akushin baƙo zuwa tukunyar kullum, waɗanda a da ke ba shi lokacin da zai saje da kayan gonarmu, sun taƙaita ƙwarai.

A sana'armu ta rubuta manhajar kwamfuta babu wanda ke fara aiki daga sifili. Ana ɗauko abin da wani ya rubuta a wata ƙasa, a gyara shi ya dace da buƙatar gida. Iyayenmu mata haka suka yi. Sun karɓi gurasa suka yi mata bandabashe da ƙuli-ƙuli, sun karɓi taliya suka haɗa ta da wake da manja, sun karɓi dafa-duka suka jefa mata daddawa da busasshen kifi. Soyayyar shinkafar da ake yi a bukukuwanmu da kori da hanta, in aka ajiye wa mutumin Sin ba zai gane tasa ba ce.

Mu ma mun ba duniya. A Gana ana cin waakye, wanda sunansa daga wake ya fito, da tuo zaafi wato tuwon zafi, da koko da ƙosai da zangon Hausawa suka yaɗa. A Sudan, inda mabiyan Sarkin Musulmi Attahiru suka zauna bayan yaƙin Burmi na 1903 har suka kafa garin Mai Wurno a bakin Kogin Nilu, agashe na Hausawa ya zama abin marmari a manyan birane. Tsire da kilishi sun kai Legas da Landan. A wani gida a Akara ko Khartum, girkinmu ne abincin waje da ake burge baƙo da shi.

Lissafin da ya rage mana

Ke nan ba aro ne matsalar ba. Abubuwa uku ne suka dame mu bayan waccan Sallah.

Na farko kuɗi. Najeriya na shigo da fiye da kashi 90 cikin 100 na alkamar da take ci. Yaƙin Rasha da Yukiren na 2022 ya taɓa farashin burodi a Dutse, cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayun 2023 da faɗuwar naira suka ƙara, har hauhawar farashin abinci ta haura kashi 40 cikin 100 a tsakiyar 2024. An ƙaddamar da shirin noman alkama na rani na ƙasa a Haɗeja a watan Nuwamban 2023, kuma Jigawa na kan gaba a noman, amma basmati da man zaitun da cukui na waje ba sa fitowa a gonarmu. Mun san gidajen da ke cin bashi don a fita kunyar surukai na yini guda.

Na biyu nauyin da ke kan mata. Amarya a yau ana auna ta da yawan kulolin da ta jera da kuma baƙuntar sunayen abin da ke ciki. Ita ke tsayuwa tun asuba, ita ke shan zargi in bai yi daɗi ba, sau da yawa a kan girkin da ba ta taɓa ɗanɗana na asalinsa ba balle ta san inda ta kuskure. Mu maza da ke cewa a yi abin fita kunya ba mu cika tambayar nawa ya ci, ko awa nawa ya ɗauka ba.

Na uku shi ne ya fi tsorata mu. A wajen aiki mun san masifar manhajar da mutum ɗaya ne kaɗai ya san sirrinta, bai rubuta bayani ba, ya tashi ya tafi. Girkin kabsa yana da dubban bidiyo, ba zai ɓata ba ko mun daina yin sa. Amma yadda Hajiya ke jiƙa dawa ta surfa, da yadda take gane daddawa ta nuna daga ƙamshinta, da adadin kanwar da ke sa karkashi ya yi yauƙi bai yi ɗaci ba, duk a kanta suke. Cikin jikokinta mata su tara, biyu ne suka iya tuƙa tuwon dawa ba gudaji. Kunyar ajiye wa baƙo tuwo ta sa an daina koyon yin sa da kyau, rashin iyawar kuma ya ƙara kunyar.

Kafin Yaya ya koma mun zauna da shi da matarsa. Ya ce a inda yake, shinkafa mai ƙamshi da shawarma suna kowace kusurwa, kuka da daddawa ne yake biyan kuɗin jirgi a kai masa. Matarsa kuma ta ce sambusar ƙannenmu ta fi wadda take saya a can, ta roƙi a rubuta mata yadda suka yi haɗin naman. Duka maganganun biyu gaskiya ne, kuma da mun tambaye su tun kafin su taso, da an raba aikin biyu an huta.

Tun daga lokacin, duk wanda zai zo mana daga nesa mukan tambaye shi abin da yake marmari. 'Yan'uwanmu na ƙauyen Kiyawa har yanzu soyayyar shinkafa suke so, ana yi musu da murna. Na Abuja da na ƙasashen waje tuwo da dambu da fura suke nema. Ranar Juma'a da yamma kuma, in Hajiya na jin ƙarfi, ɗaya daga cikinmu kan jingina waya a bakin turmi ya ɗauke ta tana aiki tana bayani, tana yi mana tsiyar cewa mun girma ba mu san bambancin kaura da farfara ba. Zuwa yanzu mun ɗauki girki goma sha ɗaya. Na gaba shi ne alkubus, wanda ta ce ita ma wajen wata 'yar Kano da aka auro unguwarsu ta koya.